TANKIN RUWANKA YA TSAGE? KADA KA SA MASHI GAM, GA YADDA AKE LIƘE SHI



Duk shekara idan bazara ta kama, akwai tambayar da ta fi kowace yawan zuwa mani: "Tankina ya tsage yana yoyo, wane gam zan saya?" Amsar a taƙaice ita ce kada ka sayi kowane. Tankin roba da 'yar'uwarsa roba ake liƙe shi, a narka su tare su zama jiki ɗaya. Sannan in ba ka gano abin da ya tsaga shi ka gyara ba, ko wa ya liƙe maka shi zai sake tsagewa. A kan waɗannan abubuwa biyu rubutun yau zai tsaya. Yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe.

ME YA SA ABIN YA SHAFE MU?

Mu da ke nan Yasore da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, ruwanmu na bohol ne ko na rijiya, wani kuma sai ya saya wurin 'yan garuwa. Tanki shi ne rumbun ruwan mai kiwo. Tun daga 2023 da aka cire tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin sabon tanki ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Ko ka samu kuɗin, galibi sai an ɗauko shi daga Katsina, ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan saboda matsalar tsaro. Ka ga kenan tankin da ke hannunka ba abin yarwa ba ne.

Mu ɗan yi lissafi. Kazar ƙwai ɗaya tana shan kimanin rubu'in lita a yini idan gari da sauƙi. Kaji 500 kenan suna buƙatar lita 125, wato jarka 5 mai cin lita 25. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, shan nasu yakan kusa ninkawa. Kaza kuwa in ba ta sha ba, ba ta ci, in ba ta ci ba, babu ƙwai. Yini ɗaya cur babu ruwa ya isa ya karya maka ƙwai, ka yi makonni kana jiran ya dawo daidai. Mai tarwaɗa a tamfol ko tanki shi ma ya sani, duk bayan kwana biyu ko uku sai ya canza ruwa, gwargwadon yawan kifin da abincin da yake zuba masu. Ranar da babu ruwan canji, ruwan ya yi wari, kifi ya daina cin abinci, daga nan sai a fara tsintar gawa.

Shi kansa yoyon kada a raina shi. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya kai lita 4 a yini, a wata ya tasam ma jarka 5. Wannan ma ƙaramar asara ce. Babbar ita ce tsagar ba ta tsayawa inda take, kullum ƙara tsawo take yi, har ranar da tankin zai dare gaba ɗaya. In kuma ruwan yana gangarawa cikin ɗakin kaji, ya jiƙa shimfiɗar ƙaiƙayi ko ta garin katako, to ka buɗe wa zawon jini da ciwon numfashi ƙofa.

ME YA SA GAM BA YA KAMAWA?

Tankunan da muke kira tankin GP, da GeePee da sauran kamfanoni, da wata roba ake yin su mai suna foliyetilin. Garinta ake zubawa cikin wani babban ƙoƙon ƙarfe, a rufe, a riƙa juya shi cikin zafi har garin ya narke ya lulluɓe cikin ƙoƙon. Shi ya sa ba ka ganin ɗinki ko mahaɗi a jikin tanki. Ita wannan roba an gano ta ne a Ingila a 1933, kuma daga man fetur da iskar gas ake samo ta. A haɗinta na asali 'yar'uwar kakin kyandir ce. Gwada ɗiga gam a jikin kyandir ka gani, in ya bushe da farce za ka ɓamɓare shi. Haka yake yi a jikin tanki.

Saboda haka Super Glue da Araldite za su bushe su yi tauri kamar sun kama, amma zaune kawai suke a sama. Gam ɗin masu gyaran famfo kuwa, aikinsa shi ne ya ɗan narka fatar fayif ɗin PVC ya haɗe shi da wani. Robar tanki ba ta jin sa ko kaɗan. Siminti ba ya kama roba. Kwalta da narkakkiyar taya suna iya toshe wurin na 'yan kwanaki, amma suna sakin abubuwan da bai kamata kaza ko kifi su sha ba.

Akwai dalili na biyu. Tanki ba ya zama wuri ɗaya kamar yadda ido ke gani. In an cika shi yana ɗan kumbura, in ruwa ya ragu ya koma. Da rana yana buɗewa, da dare ya tsuke, kuma wannan buɗewar ta fi ta ƙarfe fiye da sau goma. Gam da ya bushe ya sandare ba zai iya bin wannan motsi ba, dole ya saki.

Abin daɗin shi ne ita foliyetilin tana narkewa a zafin digiri 120 zuwa 130, in ta huce kuma ta koma yadda take. Wannan shi ne abin da masu liƙin bokiti da jarka a kasuwanninmu suka daɗe suna amfani da shi. Aikinsu daidai ne a asali. Abin da tanki ke buƙata ƙari a kai shi ne a zaɓi robar da ta dace, a kuma bi matakan da zan kawo, domin nauyin da ke kan tanki ba irin na bokiti ba ne.

FARA DUBAWA: TSAGA CE KO WOSHA?

Kafin ka hura wuta, tabbatar da inda ruwan ke fita. Sau da yawa da aka kira ni duba tanki, sai in tarar jikinsa lafiya lau, robar woshar da ke bakin famfo ce ta bushe ta tsattsage, ko nati ya saki. Wannan sabuwar wosha da farin tef na masu famfo sun gama magana. Kada dai a ɗaure natin da ƙarfin tsiya, ɗaurin hannu ne sai a ɗan ƙara da sifana.

In jikin ne, goge wurin ya bushe, ka barbaɗa toka, inda ta fara jiƙewa nan ne. In tankin babu ruwa, sa tocila a ciki da dare ka zagaya ta waje, ko ka leƙa ta baki da rana, haske zai nuna maka tsagar. Ka zana ta da alli tun daga farko har ƙarshe, domin bakin tsaga siriri ne kamar gashi, yakan wuce inda ido ya fara tsayawa.

WANDA ZAI GYARU DA WANDA BA ZAI GYARU BA

Ba kowane tanki ya cancanci wahalar ba.

Zai gyaru idan tsaga ɗaya ce ko biyu, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, robar kuma tana da sauran laushi. Hudar ƙusa, ta ƙahon sa, ko tsagar da ta samu garin faɗuwa, duk suna liƙuwa da kyau.

Ba zai gyaru ba idan rana ta riga ta cinye robar. Alamarta: ka kankara da farce ka ga gari yana zuba, launin ya koɗe, ko ka ga ƙananan tsagu birjik kamar saƙar gizo. Irin wannan in ka liƙe nan, gobe can zai buɗe. Haka tsagar da ta ratsa gindin tanki daga gefe zuwa gefe.

Wurin da tsagar take ma yana da muhimmanci, saboda nauyin ruwa a ƙasa yake taruwa. A zurfin mita 1, duk wuri mai faɗin tafin hannu yana ɗauke da turin kilo 10. A zurfin mita 2, kilo 20 ne, dare da rana babu hutu. Don haka tsagar kusa da wuya aiki ne mai sauƙi, ta kusa da gindi kuwa sai an sa raga an kuma liƙe ciki da waje. Shawarata, tankin da aka liƙe a gindi kada a sake ɗora shi sama inda mutane ko kaji ke ƙarƙashi. A sauko da shi kan dakali.

ROBAR DA ZA KA YI LIƘI DA ITA

A nan yawancin liƙi ke lalacewa. Roba iri-iri ce, kuma ba kowace ke haɗuwa da wata ba. Duba gindin kayan roba za ka ga wata alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. A Amurka aka fito da wannan tsari a 1988 don a riƙa tantance roba, yanzu kusan ko'ina ana bin sa.

Lamba 2 da lamba 4, ko ka ga an rubuta HDPE, LDPE ko PE, su ne dangin tanki.

Lamba 5, mai rubutun PP, ita ce ta yawancin kujerun roba, bokitai da bahuna. Sai zafi ya kai wajen digiri 160 take narkewa, kuma ba ta haɗuwa da robar tanki. Za ta lafe kamar ta kama, in ta huce ta ɓare.

Lamba 1 ita ce gorar lemo da ta ruwa. Ba ta da amfani a nan.

Lamba 3 ita ce fayif ɗin PVC. Kada ma a kai ta kusa da wuta, hayaƙinta guba ne.

Mafi kyau duka shi ne ka samu robar tanki irin naka. Tsohon tankin da ya mutu, ko tsohon murfi, ko ka ɗan yanko siririn zare daga leɓen bakin tankin naka inda ba zai hana murfi zama ba. In babu, jarkar man gyaɗa mai lamba 2 tana yi, bayan an wanke ta da omo sosai har maiƙon ya fita. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, gas, maganin feshi ko na ciyawa, a bar ta can. Roba tana shan waɗannan abubuwa, wanki ba ya fitar da su.

In babu lamba a jiki, yanki ɗan ƙanƙani ka jefa a ruwa. In ya nutse, ba ita ba ce. In ya taso, kai shi bakin wuta a fili: robar tanki tana ɗiga kamar kyandir, warinta ma na kyandir ne da aka hure. Gwaji na ƙarshe shi ne ka narka ɗan guntu a saman tankin kusa da wuya, ka bari ya huce, ka sa wuƙa ka ɓamɓara. In ya tashi salin-alin kamar ɓawon rogo, nemi wata. In ya ƙi tashi sai da ka yanke shi, ka samu.

KAYAN AIKI

1. Ƙarfen liƙi. Mai wutar sola ko janareta zai iya amfani da babban ƙarfen liƙi na lantarki irin na masu gyaran rediyo, ko na'urar hura iska mai zafi irin ta masu gyaran waya. In babu wuta, ƙarafa biyu masu faɗin baki kamar cokalin shayi, da maƙeri zai ƙera maka, da murhun gawayi. Biyu, don ɗaya na aiki ɗaya na wuta.
2. Wuƙa mai kaifi.
3. Injin huda da siririn baki, ko ƙusa da filaya.
4. Ragar ƙarfe mai ƙananan idanu wadda ba ta tsatsa, irin ta rariyar tace shayi ko koko.
5. Robar liƙi da aka yanka siri-siri, kaurin fensir ko ƙasa da haka.
6. Omo, tsumma mai tsabta, alli, da safar hannu.

YADDA AKE YI

Mataki na 1: Juye ruwan duka cikin durom ko jarkoki, domin kaji ba za su jira ka gama ba. Kwance fayif, a sauko da tankin da igiya da mutane, kada a jefo shi. Wanke wurin ciki da waje, a bar shi ya bushe ƙarau. Danshi kaɗan a cikin tsaga zai zama tururi ya bar maka ƙananan ramuka a cikin liƙin. A yi aikin a inuwa, da safe ko da la'asar.

Mataki na 2: Huda ƙarshen tsagar. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke hana ta ci gaba. Bakin tsaga mai tsini ne, duk ƙarfin turin ruwa a nan yake taruwa, kamar yadda yadi ke saurin kecewa daga inda aka ɗan tsaga shi. Ƙaramin rami zagayayye, faɗin milimita 3 zuwa 4, yana raba wannan ƙarfi. Yi ɗaya a kowane ƙarshe, ɗan gaba kaɗan da inda tsagar ta tsaya. Daga baya za a cike su.

Mataki na 3: Kankare fatar sama da wuƙa, faɗin yatsa biyu a kowane gefe, har sabuwar roba mai sheƙi ta bayyana. Fatar da rana ta daka ba ta narkewa da kyau. Na fi son wuƙa a kan samfefa, don samfefa tana barin yashi a jikin robar. Su ma siraran robar liƙin a kankare su.

Mataki na 4: Fafe tsagar da bakin wuƙa ta zama 'yar kwata mai faɗi a sama, tsukakkiya a ƙasa. Zurfin ya kai rabin kaurin tankin ko ɗan fiye. A cikin wannan kwata sabuwar robar za ta kwanta. In ba a fafe ba, liƙin a fata kawai zai tsaya, tsagar tana nan a ƙarƙashi.

Mataki na 5: Daidaita leɓɓan tsagar su hau juna daidai, wani ya tallafa ta ciki da katako in da hali. Ɗan taɓa da ƙarfe mai zafi nan da can, tazarar yatsa uku-uku, don su riƙe juna.

Mataki na 6: Liƙin kansa. Ƙarfen ya yi zafi amma kada ya yi ja. In daga gawayi ya fito, goge toka da baƙin da ke bakinsa. Fara ɗumama cikin kwatar har ka ga ta yi sheƙi ta yi laushi, sannan ka kawo siririyar robar ka narka ta a ciki, kana dannawa kana cakuɗa ta da jikin tankin. Sirrin aikin kenan: dole ɓangarorin biyu su narke a lokaci ɗaya. In robar liƙi kaɗai ta narke ta zuba a kan jiki mai sanyi, ba ta da bambanci da gam. Tafi a hankali, ɗan yatsa ɗaya a lokaci guda, daga wannan rami zuwa wancan. In ka ga hayaƙi ya yi yawa, robar tana tafasa ko tana komawa ruwan ƙasa, zafi ya wuce kima. Robar da ta ƙone ba ta da ƙarfi, kankare ta ka sake. Cika kwatar har ta ɗan yi tudu.

Mataki na 7: Ga doguwar tsaga ko ta ƙasa, yanka raga ta zarce tsagar da yatsa biyu ta kowane gefe. Ɗora ta, ka riƙa danna ta da ƙarfen har ta nutse cikin robar, sannan ka sake shimfiɗa wata robar a kai ta rufe ta ruf. Kada ko waya ɗaya ta leƙo.

Mataki na 8: In hannu ko jiki zai kai, maimaita liƙin ta ciki. A kwantar da tankin a gefensa, baki a buɗe yana fuskantar iska. Wanda ya shiga kada ya daɗe, kuma lallai wani ya tsaya a bakin yana kallon sa. Murhun gawayi a waje zai zauna. Hayaƙin gawayi a rufaffen wuri yana kashe mutum ba tare da ya ankara ba. Kuma don Allah kada a tura yaro ciki don shi ne zai shige.

Mataki na 9: Bar shi ya huce da kansa, kamar awa ɗaya. Kada a watsa mashi ruwa, saurin hucewa yana sa wurin ya tsuke ya ja, ya bar rauni a gefen liƙin.

Mataki na 10: Gwaji. Zuba ruwa har ya ɗan haura liƙin, ka barbaɗa toka, ka jira. In shiru, kai shi rabi. In shiru, cika shi ka bar shi ya kwana. A ƙasa za a yi wannan gwajin kafin a mayar da shi mazauninsa.

IDAN A BAKIN FAMFO YA TSAGE

Nan ne wurin da ya fi yawan tsagewa, kuma ya fi wuyar riƙe liƙi, don kullum ana murɗa shi. Abin da ya fi shi ne a cire soket ɗin, a liƙe tsagar, a yanko faci daga robar tanki a toshe tsohon ramin gaba ɗaya, sannan a huda sabo a gefe, nesa da tsohon da kamar taƙi ɗaya, a wuri mai lafiya.

Ƙaramar huda zagayayya kuwa tana da hanya mai sauƙi ko babu wuta: ƙusa mai nati wadda ba ta tsatsa, wosha biyu masu faɗi, da robar tib a ƙarƙashin kowace wosha, ɗaya ciki ɗaya waje, a ɗaure. Tana iya daɗewa tana aiki.

In kuma yau ya tsage, ga kaji na jiran ruwa, to riƙe ruwan ƙasa da tsagar, ka huda ƙarshenta kamar yadda na faɗa a mataki na 2, har ka samu sukunin yin aikin.

KAFIN KA BA KAJI KO KIFI RUWAN

Wanke tankin a zubar da ruwan farko, saboda ɓarɓashin roba da toka. In ka wanke da Hypo ko Jik, ɗauraye sau biyu ko uku ka shanya shi har warin ya fita. Sinadarin kulorin da ke cikinsu yana ƙona matsefin numfashin kifi, ƙananan 'ya'yan kifi ma kashe su yake yi. Yana kuma kashe rigakafin Lasota da Gumboro da ake ba kaji a ruwan sha, ka ga ka yi rigakafi a banza ba ka sani ba.

YANZU SAI A GYARA ABIN DA YA TSAGA SHI

Liƙi ba tare da wannan ba, gyaran gangar Abzinawa ne. Dalilan da na fi gani a yankinmu guda huɗu ne.

Na farko, mazauni. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 in ya cika tan 2 ne, nauyin buhun siminti 40. Sai ka ga an ɗora shi a kan bulo huɗu, ko ƙarafa uku da tazara a tsakani, ko katakan da suka lanƙwashe. Gindin tanki so yake kowane ɓangare nasa ya zauna a kan abu shimfiɗaɗɗe. Dakalin kankare mai santsi da ya ɗan fi gindin faɗi shi ne daidai. In gadon ƙarfe ne, a shimfiɗa farantin ƙarfe ko katakai masu kauri a jere babu tazara. A share wurin tas kafin a ɗora. Tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin tan 2 ƙusa ce.

Na biyu, fayif. In aka haɗa sandararren fayif kai tsaye da bakin tanki, tanki na motsi fayif na tsaye, bakin ne zai biya. Haka in famfo mai nauyi yana rataye, ko yara na jan sa. Sa guntun tiyo mai lanƙwasa, kamar kamu ɗaya, tsakanin tanki da fayif, a kuma tallafe famfon da bulo ko ƙarfe.

Na uku, rana. Baƙin tanki ya fi jure rana, don baƙin sinadarin da aka cakuɗa a robar yana kare ta, kuma yana hana haske shiga balle gansakuka ta fito. Amma yana dafa ruwa, kaza kuwa ba ta son ruwan zafi, rage sha take yi a daidai lokacin da ta fi buƙata. Rumfar zana ko ta karan dawa, da sarari a sama don iska ta ratsa, tana ƙara wa tankin kwana, tana kuma sanyaya wa kaji ruwa. Kayan yin ta duk muna da su a gona.

Na huɗu, iska da ja. Guguwar farkon damina ba ta raga wa tankin da babu ruwa. A ɗaure shi da igiya ta kafaɗa, kuma kada a bar shi fanko, ko rubu'i ne a bari a ciki. Wajen matsar da shi a ɗaga ko a mirgina a hankali, ban da ja a kan tsakuwa. Ban da hawa kansa.

IN YA ƘI GYARUWA

Ko a nan bai zama shara ba. In aka yanke inda ya lalace, rabin da ke da lafiya zai yi rainon 'ya'yan tarwaɗa, tunda ruwan ba shi da zurfi, turin kaɗan ne. Wanda ke yoyo zai yi ajiyar abincin kaji, ya kare shi daga danshi da ƙwari in an ɗora shi a kan katako an rufe. Ragowar kuma a adana, ita ce robar liƙin da za ta yi maka amfani gaba, kai da maƙwabtanka.

Ga matasanmu kuma, wannan sana'a ce. Kusan duk bohol ɗin unguwa, masallaci, makaranta da asibiti akwai tanki a kai, kuma da yawa an bar su suna yoyo don babu wanda ya iya gyaran a kusa. Nemi tsohuwar jarka ka tsaga ta da gangan, ka liƙe, ka lanƙwasa ka ga ko za ta buɗe. Yi haka sau biyar ko shida kafin ka taɓa tankin mutane. Wanda kuma bai da hannun yi, ya kai wa mai liƙin roba ranar kasuwar Batsari ko wadda ta fi kusa da shi, amma ya tafi da robar da ta dace, ya kuma tsaya a huda ƙarshen tsagar a fafe ta a gabansa.

A tura wa duk wanda aka san yana da tanki. Mai tambaya ya turo hoton tsagar, da inda take a jikin tankin, da abin da tankin ke zaune a kai, in sha Allahu zan duba in ba da amsa.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Amin.